Daga Ngalewa zuwa ɗakin karatu: Wa zai rubuta tarihin matan Diffa?

A daren Lahadi 2 ga Yulin 2017, 'yan Boko Haram suka faɗa wa ƙauyen Ngalewa da ke kusa da Kablewa a jihar Diffa. Suka kashe mutum 9, suka tasa ƙeyar mata da yara sama da 30 zuwa cikin daji. Kwana huɗu kafin nan, wasu mata biyu sun tayar da bama-baman da ke jikinsu a sansanin 'yan gudun hijira na Kablewa. Cikin mako guda ke nan, yaƙin ya nuna yadda yake amfani da mace ta fuska biyu: ga wadda aka sace, ga wadda aka ɗaura wa bam.

Duk wanda ke bibiyar labarai ya san Chibok. 'Yan mata 276 da aka kwashe a watan Afrilun 2014 sun sa an yi zanga-zanga daga Abuja har Landan, an rubuta littattafai, ɗalibai da dama sun yi digiri a kan lamarin. Ngalewa kuwa, in ka ambaci sunan a wata majalisar matasa a Yamai ko Kano, sai an tambaye ka a wace ƙasa take. Zafin rashin ɗiya ɗaya ne a garuruwan biyu. Bambancin shi ne Chibok ta samu masu rubuta labarinta.

Wannan aiki na zama da mutane, a saurare su, a tantance abin da suka faɗa, a adana shi yadda gobe wani zai iya dubawa, shi ne sana'ar masana ilimin zamantakewar al'umma. A kwarin Komadugu, inda aka shafe shekaru sama da 10 ana fama da rikici, masu wannan sana'a 'yan asalin yankin ba su da yawa, mata a cikinsu kuma sun fi ƙaranci.

Abin da dokar ta-ɓaci ta yi wa tukunya

Kafin a fahimci abin da matan Diffa suka yi don zaman lafiya, sai an fara sanin abin da suka rasa. Kogin Komadugu Yobe, wanda ruwansa ke gangarowa daga kogunan Haɗeja da Jama'are, shi ne iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kimanin kilomita 150 kafin ya zube a Tafkin Chadi. A bakinsa ake noman jan tattasan da ake wa kirari da jan zinaren Manga. Daga tafkin kuma ake fito da banda, a loda motoci zuwa Maiduguri, daga can ta wuce kasuwannin kudancin Najeriya. Mata na da hannu dumu-dumu a sana'o'in biyu. Su ke tsinkar tattasai, su shanya, su tsince. Su ke sayar da abinci a masunta da tashoshin mota, su ke ƙaramin sari.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, 'yan kabu-kabu suka koma zaman kashe wando. Aka hana cinikin tattasai da kifi, bisa hujjar cewa mayaƙan na karɓar haraji a kansu. Aka taƙaita sayar da taki da man fetur, aka rufe wasu kasuwanni. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilun shekarar, aka ba mazauna tsibiran tafkin wa'adin 'yan kwanaki su tashi, dubban mutane suka taka a ƙasa zuwa N'Guigmi da Bosso. Harin Bosso na 3 ga Yunin 2016 shi kaɗai ya tarwatsa mutum kimanin dubu 50. Jihar da ƙidayar 2012 ta ce mutanenta ba su kai dubu 600 ba, sai ga ta da 'yan gudun hijira na gida da na Najeriya kusan dubu 250, akasarinsu a bukkokin zana da leda a gefen babbar hanya ta RN1.

Sai a watan Oktoban 2017 aka ɗage haramcin tattasai, na kamun kifi kuma sai a Maris na 2019. A tsakanin nan, gidaje da yawa mace ce ta riƙe su. Wani mijin an kashe shi, wani ya tafi ci-rani bai dawo ba, wani ya bi mayaƙan, wani kuma yana cikin mutum sama da 1,000 da aka tsare bisa zargi a gidajen yarin Yamai da Kollo da Koutoukalé, nisan kilomita sama da 1,300 daga iyalinsa. An fara shari'arsu a Yamai a 2017, sai a Yulin 2018 kotu ta zauna a Diffa.

A irin wannan wuri, fafutukar neman zaman lafiya ba lallai ta zo da kwalaye da maci ba, musamman ma da dokar ta-ɓaci ta ba hukuma ikon hana taro. Tana zuwa ne a siffar matar gida da ta buɗe ƙofa ga baƙi daga Damasak ko Malam Fatori, waɗanda sau da yawa dangi ne da kogi kawai ya raba. Tana zuwa a bakin famfo, inda 'yan gari da baƙi ke layi ɗaya, faɗa na iya tashi a kan jarka, kuma dattijuwa ce ke kashe wutar kafin maza su ji. Tana zuwa a zaman adashi. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, ya bazu a faɗin Nijar, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Asusu ne na ajiya da rance, amma duk inda mata 20 ko 30 ke haɗuwa kowane mako, hira ba ta tsayawa a kan kuɗi.

Tambaya mafi nauyi ta taso ne daga Disamban 2016, lokacin da Mohamed Bazoum, yana ministan cikin gida, ya sanar da shirin karɓar tubabbun 'yan Boko Haram. Aka buɗe musu cibiya a Goudoumaria, inda aka ajiye maza da mata da yara, rukunin farko na mutum sama da 100 kuma ya fito a Disamban 2019. Gwamnati na iya yafe wa mutum a takarda. Amma uwar da aka kashe wa ɗa ce za ta yanke ko za ta amsa gaisuwarsa, ko za ta sayi kaya a shagonsa, ko za ta yarda jikarta ta auri ƙanensa. Matar da ta dawo daga daji da goyo kuma, danginta da kishiyoyi da matan unguwa ne za su karɓe ta ko su ƙaurace mata. A nan sulhu ke ɗorewa ko ya wargaje, kuma ɗan jarida da ya zo na kwana uku ba zai gan shi ba, balle jami'in da ya zo da takardar tambayoyi.

Waɗanda suka share hanya

Ɗalibar da ke son shiga wannan fage ba a kan fako za ta fara ba. Tarihin gwagwarmayar mata a Nijar na da ranar da kowa ya sani, 13 ga Mayun 1991, lokacin da dubban mata suka yi tattaki a Yamai zuwa ofishin firaminista saboda mace ɗaya tak aka saka a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Shekara 9 bayan haka aka yi dokar kaso ta 2000, wadda ta ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi ga kowane jinsi. A majalisar da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce cikin 'yan majalisa 83. A ta 2004 sun zama 14 cikin 113. An ɗaga kason zaɓen zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019.

Alice Kang, malamar kimiyyar siyasa a Amurka, ta yi littafi a 2015 a kan wata tambaya da ta fito daga wannan tarihi: me ya sa dokar kaso ta wuce, amma dokar iyali ta tsaya cik, majalisa kuma ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan 'yancin mata a 2006? Amsar da ta samu ita ce, matsin lamba daga waje bai isa ya bayyana abin ba. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda 'yan ƙasa suka tashi tsaye, masu goyon baya da masu adawa, kuma akwai mata a ɓangarorin biyu. Wannan darasi ne ga mai bincike a Diffa, domin kalmar "mata" a rahotanni kan zo kamar duk bakinsu ɗaya, alhali matar attajirin tattasai da matar masunci Buduma da Bafulatanar da aka sace wa shanu ba lallai su yi ittifaƙi a kan ma'anar zaman lafiya ba.

Farfesa Ousseina Alidou, 'yar Nijar da ke koyarwa a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ta fannin nazarin harshe ta shigo, amma littafinta na 2005 mai suna Engaging Modernity ya zama abin dogaro ga masu nazarin matan Musulmi a Nijar. Ta gina shi a kan rayuwar mutane: Malama A'ishatu mai wa'azi a rediyo da talabijin, mawaƙiya Habsu Garba, da wata Ba'abziniya da ta ba da labarin tawayen shekarun 1990 daga inda mace ke tsaye. An sa hannu kan yarjejeniyar kawo ƙarshen wancan tawaye ranar 24 ga Afrilun 1995, kuma daga ita aka samu hukumar da yau ake kira HACP, mai kula da ƙarfafa zaman lafiya. Sunayen da ke kan yarjejeniyar na maza ne. Abin da mata suka gani a yaƙin sai da wata ta je ta tambaya.

A tsallaken iyaka akwai Dakta Ayesha Imam, wadda ita kam ilimin zamantakewa ta karanta tun daga tushe. Ta yi digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta koyar a can, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Women in Nigeria a farkon shekarun 1980, ta jagoranci kafa BAOBAB a 1996, ƙungiyar da ta taimaka wajen ɗaukaka ƙarar Amina Lawal a jihar Katsina, aka kuma yi nasara a 2003 da hujjoji daga cikin fiƙihun Musulunci. A 1997 ita da Amina Mama da Fatou Sow ta Senegal suka fitar da wani kundi a ƙarƙashin cibiyar CODESRIA ta Dakar, wanda ya ƙalubalanci yadda masana Afirka ke nazarin al'umma kamar maza ne kaɗai a cikinta. A Maiduguri kuma, Hajiya Hamsatu Allamin, malamar makaranta da ta yi jawabi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, ta haɗa iyaye da matan waɗanda aka tsare ko suka ɓace a ƙarƙashin inuwar Jire Dole, suna tattara sunaye suna neman bayani. Tattara sunaye ma bincike ne, ko da ba a ba da digiri a kansa ba.

A jihar Diffa kanta, sunaye biyu sun cancanci matasa su riƙe. Hadiza Moussa ta cibiyar LASDEL ta yi nazarin yadda ake riƙe da iko a N'Gourti, can arewacin jihar a ƙasar Tubawa, tun farkon shekarun 2000, kafin littafinta na 2012 kan haihuwa da rashin haihuwa a Yamai. Dakta Hadiza Kiari Fougou, masaniyar labarin ƙasa a Jami'ar Diffa, ta kare kundin digirinta na digirgir a 2014 a kan yadda cikowa da janyewar Tafkin Chadi ke juya rayuwar masunta a ɓangaren Nijar. Shekara guda bayan haka aka kwashe mutanen tsibiran. Aikin da aka yi don fahimtar kamun kifi sai ya zama shaidar yadda rayuwa take kafin yaƙi, daga baya kuma ta rubuta a kan gudun hijira da durƙushewar tattalin arzikin gabashin Nijar. Ba kowane mai bincike ke sanin ranar da littafin bayanansa zai zama tarihi ba.

Hanyar da ɗaliba za ta bi

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta fi karkata ga aikin gona da muhalli, ko da yake a Mayun 2017 ta karɓi baƙuncin taron ƙasa da ƙasa kan raba matasa da tsattsauran ra'ayi da mayar da tubabbu cikin al'umma. Yarinyar da ta ci jarrabawar bakaloriya a Diffa ko Maïné-Soroa, tana son ilimin zamantakewa, galibi sai ta nufi Jami'ar André Salifou a Damagaram, tafiyar kusan kilomita 470, ko Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, kimanin kilomita 1,360. A takarda, shekara 3 ne digirin farko, 2 na biyu, 3 na digirgir. Yajin aiki da jinkirin alawus da shekarun karatu masu hawa kan juna sukan ja takwas ɗin nan su wuce goma. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka ce kashi 76 cikin 100 na 'yan mata na aure kafin shekara 18, wadda ta kai wannan mataki ta riga ta tsallake siratsi da yawa, kuma a kowane hutu sai gwaggo ta tambaye ta yaushe za a sha biki.

Bayan digirin ma da sauran tafiya. Ƙarin girma a jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci na bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, wadda ke duba yawan maƙalun da malami ya wallafa da ingancinsu kafin ya tashi daga ƙaramin malami zuwa farfesa. Maƙala kuwa na son lokaci da kuɗin zuwa ƙauye da ɗakin karatu. A nan LASDEL ta yi wa matasa rana. An kafa ta a Yamai a 2001, Jean-Pierre Olivier de Sardan na cikin waɗanda suka assasa ta, tana da reshe a Parakou ta Benin, kuma tana sakin rahotanninta kyauta a intanet. Koyarwarta mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar yi: a daɗe a wuri, a yi hira da harshen mutane, a gwada abin da doka ko takardar shiri ta ce da abin da ake yi a zahiri, sannan a binciko ƙa'idojin da ba a rubuta ba waɗanda mutane ke bi.

A kan wannan ma'auni 'yar Diffa na da jarin da baƙo ba shi da shi. Tana jin Barbarci, wataƙila da Fulatanci ko Tubanci, ga Hausa. Tana iya shiga cikin gida, inda namiji baƙo zai tsaya a zaure. Ta san bambancin abin da mace ke faɗa a gaban mai gari da abin da take faɗa a madafa. Amma kusancin na da tsada. Wadda take yi wa tambaya ta san gidansu. In aka gan ta tana yawan zama da matan tubabbu ko matan waɗanda ke tsare, wani zai ce 'yar rahoton hukuma ce, wani ya ce tana da alaƙa da 'yan daji. Ga satar mutane don kuɗin fansa da ta yi ƙamari a yankin. Muryar da ta naɗa a waya na iya jefa mai maganar cikin haɗari in wayar ta faɗa hannun da bai dace ba, shi ya sa sauya sunaye da ɓoye ƙauyuka ke cikin darussan farko na wannan sana'a.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama masu hazaƙa, kuma mai daɗi ne. Tun 2015 ƙungiyoyin agaji suka cika Diffa, kowace na buƙatar masu tattara bayanai da masu fassara. Kwangilar mako biyu na iya fin alawus ɗin watanni. Ba laifi ba ne mutum ya ci abinci. Matsalar ita ce mai kuɗin ne ke tsara tambayar, rahoton ya fito da tambarin ƙungiya, sunan wadda ta sha rana a Kindjandi ko Sayam Forage ya ƙare a shafin godiya, in ma an sa shi. Kudiri mai lamba 1325 da Kwamitin Sulhu ya zartar a Oktoban 2000, wanda ya nemi a dama da mata a harkar sulhu, ya buɗe ƙofar kuɗi ga tarurrukan bita masu yawa. An ƙirga matan da suka halarta, an ɗauki hoto. Ko shawararsu ta canja wani abu a kwamitin sulhu na ƙauye bayan an naɗe tabarma, wannan tambaya ce ta mai binciken da zai dawo bayan shekara biyu, kuma ba kasafai kwangila ke biyan kuɗin dawowa ba.

Bayan 26 ga Yuli

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sauya filin da ake nazari a kansa. An rushe majalisar dokoki, a Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, a Maris na 2025 aka soke jam'iyyun siyasa. Kujerun da dokar kaso ta sama wa mata a majalisun Diffa da Chétimari da Gueskérou da Bosso sun tafi tare da majalisun. Kansilolin mata da suka koyi karanta kasafin kuɗi da tsayawa gaban mai unguwa suna nan a garuruwansu, kuma inda suka mayar da wannan ƙwarewa batu ne da ya isa kundin digiri guda. A ɓangaren kuɗi, an janye lasisin ƙungiyar Acted a Nuwamban 2024, aka sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya a Fabrairun 2025, tallafin ƙasashen Yamma ya ja baya. Kwangilolin da ke ɗauke hankalin ɗalibai sun ragu, amma su ne kuma ke biya wa da yawa kuɗin mota zuwa ƙauye.

Kundin mulkin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Kusan duk abin da aka rubuta a kan matan Komadugu da waɗannan harsuna biyu na aiki aka rubuta shi, a mujallun da wasunsu sai an biya kuɗin waje kafin a buɗe. Matan da aka yi hira da su ba su taɓa jin abin da aka ce sun ce ba. 'Yan Diffa da ke karatu ko aiki a Maroko da Turkiyya da Faransa da Kanada na da katin shiga waɗannan ɗakunan karatu. Taƙaita maƙala guda da Hausa ko Barbarci, a naɗe ta a saƙon murya na minti biyar, a tura wa gidan rediyon al'umma ko zauren WhatsApp na unguwa, aiki ne na yamma ɗaya.

A Yunin 2021 gwamnati ta mayar da dubban mutane garin Baroua da ke bakin tafki, bayan shekara 6 suna gudun hijira. A ayarin akwai 'yan matan da suka bar garin suna goye, suka dawo suna ɗaukar tulu, da zawarawan da suka koma gonakin da sunan mazajensu ke kai. Yadda aka raba filayen, da wanda ya shiga tsakani da aka yi saɓani, yana nan a bakin matan garin, kuma dattawan cikinsu da suka san iyakokin gonakin kafin 2015 suna ta raguwa.